Kujera 484, ba ko ɗaya ta 'yan adawa: wa zai tambayi ciyaman?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, amma don Allah kafin a shigo a ajiye jar hula da tsintsiya da lema a bakin ƙofa. Ranar 26 ga Oktoba 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, NNPP ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Kada wani ya ce tsokana nake: a 2018 da Janairun 2021 APC ce ta kwashe duka 44 ɗin. A Kaduna, Oktoban 2024, APC ta ɗauke 23 da kansiloli 255. A Bauchi PDP ta share 20, a Filato ta share 17. A Katsina, Fabrairun 2025, APC ta haɗa 34 rigis. Kowa da ranarsa, kuma salon iri ɗaya ne. To aikin majalisar kansiloli shi ne duba kasafin kuɗi da bin sawun abin da aka kashe. In duk gidansu ɗaya da ciyaman, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta sunayensu, wa zai tambaye shi? Kuma a cikinku akwai wanda ya taɓa ganin kansilolin jam'iyya biyu sun zauna sun yi wa gari aiki tare?

Ɗan Amana: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, amma ka bar rabin labarin a aljihu. APC ba ta shiga zaɓen 2024 ba, kotu ta tafi. Wanda bai zo fili ba ta ina zai ci? Sai a ɗauki kujera a kai masa har gida?

Malam Habu: Haka 'yan APC suka faɗa a 2021 da naku suka ƙaurace, Ɗan Amana. Kalma ɗaya ba ta canza ba. Abin tambaya shi ne me ya sa kullum wanda ba shi da gwamna yake ganin shiga ɓata kuɗi ne.

Maman Walida: Kuɗin fom ma kaɗai ya isa ya kori mutum. Da farko miliyan 10 aka sa wa ciyaman, kansila miliyan 5, sai da aka kai ƙara aka ɗan rage. Wane malamin firamare ne, ko wace mace mai sana'ar hannu, za ta fitar da wannan don takarar da ta san an gama rubuta sakamakonta?

Barista Nura: Bari in shimfiɗa abin da doka ta ce, don kada mu yi ta jifa a duhu. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu. Amma kundin nan dai, a sashe na 197, shi ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Rajistar masu zaɓe ta INEC ce, amma akwati da alƙalami na jiha ne. Sai sashe na 162 da ya kawo asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙananan hukumomi ke fara sauka kafin su wuce, in sun wuce. Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari, ba ƙaramin kuɗi ba ne a kan ƙananan hukumomi 774.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, abu biyu ya taɓa: a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kada a ba kantomomi ko sisi. Bai ce uffan a kan wanda zai shirya zaɓe ba. Shi ya sa kuka ga gwamnoni sun yi ta rige-rigen zaɓe daga Agusta zuwa ƙarshen shekarar. Kantoman jiya shi ne ciyaman na yau a wurare da dama, rantsuwa kawai aka ƙara masa.

Ɗan Amana: Barista, a kai wa INEC ke nan? INEC ɗin da muka gani a 2023?

Barista Nura: Ban ce ba tukuna. Ko da an so, sai an gyara kundi: kashi biyu bisa uku na majalisar tarayya, sannan majalisun jihohi 24 su yarda. Majalisun da ke tafin hannun gwamnoni. A gyaran da aka kammala a 2023 ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a can ya maƙale, bai samu jihohi 24 ba.

Anti Hauwa (Amurka): Sallama gare ku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma wannan ta shafi abin da nake gani a inda nake zaune, jihar Pennsylvania. Nan abin da ya fi kama da ƙaramar hukuma shi ne kawunti, suna da 67. A yawancinsu mutum uku ne ke riƙe da ragama, ana ce musu kwamishinoni, wa'adinsu shekara huɗu. Ga inda dabarar take: kowace jam'iyya mutum biyu kawai za ta tsayar, mai jefa ƙuri'a ma biyu kawai zai zaɓa, sai a ɗauki uku na sama. Ku lissafa da kanku. Duk farin jinin jam'iyya, kujera ta uku ba tata ba ce. A kundin tsarin mulkin jihar aka rubuta, ba alfarmar kowa ba ce. Akwai 'yan kawuntocin da suka tsara nasu salon daban, amma galibi haka ne.

Su ukun nan ke yanka harajin gidaje da filaye, su ke kula da gidan yari, da gadoji, da ofishin kula da yaran da iyaye suka wofintar, kuma su ne hukumar zaɓen yankin in ba su ke takara ba. Zamansu a buɗe yake, kowa zai iya shiga ya zauna, a ba shi 'yan mintuna ya yi magana. Nakan leƙa wani lokaci. Gaskiya yawancin abin da ake kaɗa wa ƙuri'a, biyan 'yan kwangila ne da gyaran gada da ɗaukar ma'aikata, kuma su ukun sukan ce "eh" tare. Amfanin na ukun ba wai ya kayar da ƙuduri ba ne, ba shi da yawan da zai iya. Amfaninsa duk takardar da aka ba biyun sai an ba shi, kuma zai iya ɗaga ta a gaban jama'a da 'yan jarida ya ce, wannan kwangilar wa aka ba, nawa ne, me ya sa ba a yi talla ba.

Malam Habu: Madalla, Hajiya. To ba sa haɗa kai su biyu su mayar da shi ɗan kallo?

Anti Hauwa (Amurka): Suna yi mana, Malam, ai su ma 'yan siyasa ne. Tun bayan zaɓen 2020 ma rigimar ƙuri'ar da ake aikowa ta gidan waya ta sa zaman wasu kawuntocin ya koma filin ihu. Amma wani lokaci abin yakan juye. A kawuntin Montgomery, kusa da Philadelphia, an yi zaɓe a 2007, 'yan Rifablikan biyu suka ci, Jim Matthews da Bruce Castor, sai ɗan Dimokurat ɗaya, Joe Hoeffel. Da aka zo rabon muƙami a farkon 2008, Matthews ya tsallake ɗan jam'iyyarsa ya haɗa kai da Hoeffel, shi shugaba, Hoeffel mataimaki, aka bar Castor shi kaɗai yana adawa shekara huɗu. Castor ɗin nan shi ne ya kare Trump a majalisar dattawa a 2021. Daga baya har aka zargi su biyun da kashe maganar kawunti a wajen karin kumallo, alhali doka ta ce in masu rinjaye za su tattauna aikin hukuma a bainar jama'a za su yi, kuma biyu cikin uku ai rinjaye ne. Don haka haɗin kai tsakanin jam'iyyu ba kullum ne alheri ba, ya danganta da abin da aka haɗu a kai.

Sadik Jas: Anti, a kawo wannan Najeriya ki ga ikon Allah. Gwamna zai kira wata ƙaramar jam'iyya da ba ta da ko ofis, ya zuba yaransa a ciki, ya ba su kujerar adawar. A Ribas me aka yi a Oktoban 2024? Gwamna Fubara yana PDP a lokacin, mutanensa suka shiga APP suka ci 22 cikin 23. Jam'iyyar da kafin satin zaɓen yawancinmu ba mu san tambarinta ba. Kotun Ƙoli ta rushe zaɓen a Fabrairun 2025, amma dabarar kowa ya gan ta.

Anti Hauwa (Amurka): Ƙanina, irin wannan ƙorafin nan ma ana yin sa. A majalisar birnin Philadelphia akwai kujeru biyu da jam'iyya mai rinjaye ba ta iya ci, shekara da shekaru 'yan Rifablikan ke riƙe da su. A 2019 wata ƙaramar jam'iyya mai ra'ayin ma'aikata ta ƙwace ɗaya, a 2023 ta haɗa duka biyun. 'Yan Rifablikan suna cewa ai 'yan Dimokurat ne suka canza riga. Su kuma suna cewa ƙuri'a muka nema muka samu. Bambancin dai can an ƙirga ƙuri'ar.

Sadik Jas: To kin ga. Mu matsalarmu ba ta kai ga rabon kujera ba, a ƙirgar muka tsaya.

Alhaji Tsohon Kansila: Salamu alaikum. Yara sun ce ana magana a kan abin da na sani, shi ne na ce a rubuta min, idanuna ba sa son ƙananan rubutun nan.

Malam Habu ya tambaya ko an taɓa gani. An taɓa, ni ma ina ciki. Zaɓenmu shi ne na 5 ga Disamba 1998, zamanin Janar Abdulsalami, INEC ta shirya shi, marigayi Mai Shari'a Akpata na shugabanta. Babu zaɓaɓɓen gwamna ko ɗaya a ƙasar nan a lokacin, to babu mai rubuta suna. PDP ta fi yawa, amma APP ta wancan zamanin (ba ta Ribas ɗin nan ba) ta ci nata, AD ta ci nata a ƙasar Yarabawa. A ƙaramar hukumarmu ciyaman ɗan PDP ne, mu kansiloli sha ɗaya, huɗu 'yan APP, ni ɗaya daga ciki. Ba zan faɗi sunan garin ba, wasu sun rasu, 'ya'yansu na nan.

Kada in yi muku ƙarya in ce don tsoron Allah muka haɗa kai. Lissafi ne. Su bakwai ɗin nan ba a shirye suke ba, uku na ɓangaren wanda ciyaman ya kayar a fidda gwani ne. Duk ranar da ya kawo kasafi ko ƙarin kasafi, sai ya ƙirga ya ga nasa na gaskiya huɗu ne. Dole ya aiko mana. Mu kuma muka yi shawara a tsakaninmu cewa ba za mu sayar da hannu ɗaya-ɗaya ba, a dunƙule za mu je. Abin da muka nema a shekarar farko shi ne kwalbatin da ke raba ƙauyuka uku da kasuwa duk damina, da rufin aji biyu da iska ta yaye, da ungozoma a asibitin sha-ka-tafi. Kwalbatin ma ba a mazaɓata yake ba, a ta wani ɗan PDP yake, amma mutanena ke bi su kai gyaɗa. Da muka sa shi a gaba, shi ɗan PDP ɗin da kansa ya biyo ni gida da daddare ya ce, "Alhaji, na shekara ina roƙo a cikin gida ba a ji ni ba, ku da kuke waje an ji ku." Daga ranar duk abin da ya shafi hanyar nan tare muke tashi.

Akwai kuma kuɗin kasuwa da na tasha. Masu yankan rasit suna kawo abin da suka ga dama. Mu muka dage a kafa kwamiti, mutum biyu nasu, ɗaya namu, a zauna ranar kasuwa a ƙirga rumfuna da motoci. Abin da aka tara a wata na farko ya ba ma'aji kunya. Da duk 'yan gida ɗaya ne, wa zai tona, alhali mai yankan rasit ɗin ƙanin shugaban jam'iyya ne na mazaɓa?

Maman Walida: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma ai lokacinku ne ake cewa albashin kansila ya fi na farfesa. Mu muna yara muna ganin kansila ya ƙara aure ya sayi mota cikin wata shida.

Alhaji Tsohon Kansila: 'Yata, ba ki faɗi ƙarya ba. Kuma a nan ne haɗin kan ya fi ƙarfi. Ranar da za a yi maganar alawus ɗin zama ko kuɗin kayan ɗaki, ba ka gane ɗan PDP da ɗan APP, minti biyar an gama. Akwai majalisun da aikinsu kawai barazanar tsige ciyaman duk ƙarshen wata har sai ya sauke musu wani abu. Ga kuma watannin da ake cire albashin malaman firamare tun daga sama, a ce mana babu abin da ya rage. Ban ce zamanin zinare ba ne. Na ce dai ciyaman yana shigowa zauren majalisa da takarda a hannu yana gumi, don ya san akwai mai tambaya. Wa'adinmu ya ƙare a 2002, aka zuba kantomomi, ba a sake zaɓe ba sai 2004, kuma hukumomin jihohi suka yi shi. Tun daga nan ban ƙara ganin ciyaman ya yi gumi a gaban kansila ba. A gidan gwamnati yake yin guminsa.

Ɗan Amana: Baba, Allah ya ja kwana, amma ni ina ganin in gwamna da ciyaman da kansila layinsu ɗaya, aiki ya fi sauri. Ba ja-in-ja, ba zagon ƙasa. Ku dubi Osun, tun Fabrairun 2025 ake rikici a kan su wane ne halastattun ciyamomi, APC na cewa nata, PDP na cewa nata, har rayuka sun salwanta, sakatariyoyi suka daɗe a rufe. Talaka me ya samu?

Barista Nura: Na Osun ba rikicin majalisa mai jam'iyya biyu ba ne, Ɗan Amana. Rikicin shara biyu ne: APC ta share duka a zaɓen 2022 tana barin gado, PDP ta share duka a 2025. Kowa na son duka ko babu. Hujjar Malam Habu ka ƙarfafa ba ka sani ba.

Ɗan Amana: Ku lauyoyi ba a cin ku da baki.

Mahaman na Maraɗi: Salam 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar wani tsari munka yi, kafin soja su rusa majalisun cikin watan Afrilu 2024 su naɗa nasu masu riƙo. Zaɓen ƙarshe an yi shi 13 ga Disamba 2020, kuma CENI, hukumar zaɓe ta ƙasa, ke shirya shi, ba gwamnan jiha ba, don mu gwamna naɗa shi akai. Ba mutum kake zaɓe ba, jerin sunayen jam'iyya kake zaɓe, sai a raba kujerun konseye, wato kansiloli, daidai da ƙuri'ar da kowace ta samu. Shi ya sa da wuya ka ga majalisar da jam'iyya guda ta cinye. Jam'iyyar Tarayya da nata, Nasara da nata, Lumana da nata, RDR Canji da nata. Sannan su konseye su ka zaɓen magajin gari a tsakaninsu. Sarakuna ma suna zama a majalisar, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

Daɗinsa, dole a yi ƙawance, wannan ya ɗauki magajin gari, wancan mataimaki. Illarsa kuwa, daren zaɓen magajin gari kasuwa ce. Sai a kwashe konseye a ɓoye su wani gida a amshe musu salula har gari ya waye, don kada abokin hamayya ya saye su. Bayan shekara guda kuma ƙawancen ya watse a Yamai, sai ka ji an kawo takardar tsige magajin gari a ƙauyen da bai san abin da ya haɗa su ba. Amma duk da haka ni na fi son shi da a ce mutum guda ya cinye duka.

Malam Habu: Mun gode, Malam Mahaman. Wannan rabon daidai da ƙuri'a ya fi kama hankalina a kan na su Hajiya. A Kano ko a zaɓen gwamna na 2023, NNPP ta samu sama da miliyan ɗaya, APC ta samu kusan dubu ɗari tara. A ce mutum dubu ɗari tara ba su da kansila ko ɗaya cikin 484? A 2021 ma haka aka yi wa ɗaya ɓangaren. Wannan ba lissafi ba ne.

Ɗan Zango (Kumasi): Mu a Gana an ce a cire jam'iyya gaba ɗaya. Mai neman asambuliman, wato kansila, ba ya sa tambarin NDC ko NPP a fosta, doka ta hana. Amma kowa a zango ya san wane na wane ne, har wanda ya biya kuɗin fostar an sani. Shugaban ƙasa ke naɗa kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar, shi ke kawo sunan shugaban gunduma, amma sai kashi biyu bisa uku na waɗanda suka zauna sun amince. A nan ne ake neman juna, don da wuya ɓangare ɗaya ya cika wannan adadi shi kaɗai. Akan ƙi mutum, a sake zama, a sake ƙin sa. An shirya ƙuri'ar raba gardama 17 ga Disamba 2019 don a bar jam'iyyu su shigo, Akufo-Addo ya janye ta saura kwana kaɗan saboda ba a samu daidaito ba. Har yau ana gardamar.

Sadik Jas: Mu ma an yi na babu jam'iyya a 1987 da 1996. Tsofaffi suna yabon na 1987.

Alhaji Tsohon Kansila: Suna yabonsa don babu gwamnan siyasa a sama. Ka cire jam'iyya yau ka bar gwamna da hukumar zaɓensa da asusun haɗin gwiwa, sunan yaronsa zai fito ko da hoton akuya ya yi takara.

Garba na Kuje: Ni a Abuja nake, inda INEC ke yi, bari in ba ku na ido. A zaɓen 12 ga Fabrairu 2022 an raba uku-uku: PDP ta ci AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji. Kujerun kansila 62 ma an raba su, har da majalisun da aka cakuɗa. Jam'iyyar shugaban ƙasa ta faɗi a ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa take. A wace jiha za a yi haka? Don haka masu cewa INEC da hukumar jiha duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Sai dai kada a ɗauka mun shiga aljanna. Mutane ba sa fitowa, musamman cikin birni, rumfa sai jami'ai da 'yan sanda. Ciyaman ɗin AMAC da aka zaɓa a PDP daga baya APC ya koma. Kuma a 2025 malaman firamare na Abuja sun fi wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi da ƙananan hukumomin suka kasa biya, 'ya'yanmu na zaune a gida. Ban ji majalisar kansilolin da ta kira ciyaman ta ce ya kawo littafi a gani ba, ta masu rinjaye ko ta cakuɗe.

Maman Walida: Wannan ita ce maganar. A kawo ɗan adawa, a ba shi mota, ya yi shiru. Ni abin da ya fi damuna, cikin kansilolin nan mata nawa ne? Mu ke layin rijiyar burtsatse, mu ke kwana a asibiti da yara, amma in an zo maslaha a ɗakin otal ake yi da ƙarfe biyun dare.

Hajiya Admin: Maman Walida, wannan maudu'i ne mai zaman kansa, ki buɗe mana shi gobe in Allah ya kai mu. Sannan na goge saƙo biyu, masu su sun san kansu. Ba a zagin iyayen kowa a zauren nan, ko na gwamna ne.

Malam Habu: Akwai wanda bai kamata mu manta ba, Kaduna. A 2018 El-Rufai ya kawo na'urar zaɓe, karo na farko a ƙasar nan, PDP ta ci ƙananan hukumomi a zaɓen da hukumar jiha ta shirya. A Satumban 2021 shi kansa gwamnan ya faɗi akwatinsa a Unguwar Sarki, aka kuma sanar. Akwai ƙorafe-ƙorafe, ban ce babu ba, kuma ra'ayin kowa a kan mutumin nasa ne. Amma ya nuna hukumar jiha za ta iya in mai gidan ya ga dama. Kafin zaɓen 2024 aka gyara doka aka ajiye na'urar, sakamako ya koma 23 cif.

Barista Nura: "In mai gidan ya ga dama" ɗin nan ita ce cutar, Malam. Abin da ya rataya a kan halin mutum ɗaya yana tafiya ranar da ya tafi. Na su Anti Hauwa a kundi yake, gwamnan Pennsylvania ko ya so ko ya ƙi. Ni da za a tambaye ni, abu uku zan haɗa: a raba gwamna da naɗa hukumar zaɓe, kuɗi su sauka kai tsaye da gaske ba a takarda ba, sannan a rubuta cewa shugaban kwamitin binciken kuɗi na majalisar kansiloli daga marasa rinjaye zai fito, kamar yadda aka saba yi a majalisar tarayya. Na biyun ma har yanzu ana jan ƙafa. Anambra ta yi doka a Oktoban 2024 da ta sa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso asusun da jiha ke juyawa, wata uku kacal bayan hukuncin.

Ɗan Amana: To in babu marasa rinjayen fa, Barista? Kujerar ta zauna babu kowa?

Barista Nura: Ka dawo kan tambayar Malam Habu da ƙafarka.

Anti Hauwa (Amurka): Ni wata tambaya gare ni, don na daɗe rabona da gida. Zaman majalisar kansiloli a buɗe yake? Mutum zai iya shiga ya saurara? Don nan abin da ke ba na ukun ƙarfi shi ne mutanen da ke zaune a bayan ɗaki. In ɗakin babu kowa, tambayarsa a bango take ƙarewa.

Alhaji Tsohon Kansila: A zamaninmu akwai benci biyu a baya, ba a hana kowa. Masu zuwa dai 'yan kwangila ne da masu neman taimakon suna. Yanzu kam jikana ya ce zauren namu an cika shi da buhunan taki.

Sadik Jas: Wallahi ni ban san ranar da tamu ke zama ba. Kansilanmu ma a wajen ɗaurin aure kawai nake ganinsa.

Barista Nura: Ba sai an jira gyaran kundi ba a wannan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kan jihohi ma, ba tarayya kaɗai ba. Takarda ce shafi ɗaya zuwa ga sakataren ƙaramar hukuma: muna neman kwafin kasafin bana, da abin da ya shigo wata-wata, da ranakun zaman majalisa. Doka ta ba su kwana bakwai. Ofishin Akanta Janar na tarayya ma yana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, sai a gwada da abin da za su faɗa. Zan rubuta samfuri in saka a nan, kowa ya cike sunan tasa.

Ɗan Amana: Ni ba zan sa hannu ba, kada a ce ina yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Amma in an samu amsar a turo min in gani.

Maman Walida: Barista, ka yi shi da Hausa da Turanci. Kuma a yi kwafi biyu, a buga mana hatimin karɓa a ɗaya, in ba haka ba za su ce ba ta iso ba.

Malam Habu: Ni zan kai tamu ranar Litinin in an tashi daga makaranta. Sadik, kai ne mai babur, ka biyo ta nan da ƙarfe biyu.

Sadik Jas: Ƙarfe biyu ba za mu tarar da kowa a sakatariya ba, Malam. Sai dai ka nemi izini wajen hedimasta mu je da goma.